Suna, kofi ko sakamakon WASSCE: da wanne za a auna sakandare kafin a cika wa yaro fom?

Duk shekara idan lokacin zaɓen makarantu ya zo wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tambaya ɗaya ce ke yawo a unguwannin Kumasi ta Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Zangon Tafo: wace makaranta ce mai kyau? Uba ya tambayi abokinsa a ƙofar masallaci, uwa ta tambayi maƙwabciyarta a kasuwa, daga ƙarshe kowa ya dawo da sunayen da dama ya sani: Prempeh, Opoku Ware, Yaa Asantewaa, St. Louis, T.I. Ahmadiyya. Sunaye ne masu nauyi, kuma ba a banza suka yi nauyin ba. Sai dai abin da ke zuciyar iyaye ya wuce suna. So suke su san inda yaron zai tsaya bayan shekara uku. Zai samu jami'a, ko kwalejin malamai, ko ta jinya? In bai samu ba, hannunsa ya iya wani abu da zai ci abinci da shi? Ma'aunan da muka saba ɗauka ba dukansu ke amsa wannan tambaya ba, kuma wasunsu suna amsa wata tambaya ce dabam ba tare da mun lura ba.

Mu fara da wanda kowa ke fara dubawa, wato suna da rukuni. Hukumar ilimi ta kasa manyan sakandarorin gwamnati zuwa rukunin A da B da C, kuma tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara a tsarin CSSPS, gwargwadon abin da yaro ya samu a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da kuma makarantun da ya zaɓa. Kowa na rububin rukunin A, don haka waɗanda suka fi maki su ke samun kujerun. Ma'anar wannan ita ce, tun ranar da 'yan aji ɗaya suka shiga ƙofa da akwatunansu, makarantar rukunin A ta riga ta tara yaran da suka fi shiri a duk yankin. Idan bayan shekara uku suka fito da sakamako mai kyau, nawa ne aikin makaranta a ciki, nawa ne abin da yaran suka shigo da shi daga gida? Wanda ya sayi ƙosasshen rago ana saura mako biyu Layya, ya sayar da shi ƙosasshe, ba a kiransa gwanin kiwo. Gwanin kiwo shi ne wanda ya ɗauko ramamme bayan ƙaramar Sallah, ranar kasuwar Layya ana ciniki a kansa ana ƙari. Rukuni yana gaya maka irin yaran da ke shiga. Bai gaya maka abin da aka ƙara musu ba.

Ban ce suna ba shi da amfani ba. Prempeh ta buɗe a 1949, T.I. Ahmadiyya a 1950, Opoku Ware a 1952. Makarantar da ta kai wannan shekaru tana da tsofaffin ɗalibai a asibitoci da bankuna da kotuna da jami'o'i, kuma ƙungiyoyinsu suna gina ɗakunan kwana da na gwaje-gwaje, suna ɗaukar nauyin yara, suna buɗe wa na baya ƙofa idan ana neman aiki. Yaron da ya zauna cikin abokan da kowannensu ke maganar likitanci da injiniya, shi ma burinsa yakan ɗaga. Wannan riba ce ta gaske, musamman ga ɗan Zango wanda watakila a gidansu ba a taɓa yin wanda ya je jami'a ba. Kuma ya kamata iyayenmu su san cewa an ware kashi 30 cikin ɗari na kujerun manyan makarantun nan ga yaran da suka fito daga ƙananan sakandarorin gwamnati. Yaranmu da yawa daga can suke fitowa, ciki har da makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci. Yaron da makinsa ya kai, kada tsoro ya hana a rubuta masa babbar makaranta a zaɓin farko.

Kofin gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, NSMQ, shi ne ma'auni na biyu, kuma shi ya fi hayaniya. Ranar ƙarshen gasa har direbobin tasha suna da ɓangare. Makarantar PRESEC ta Legon a Accra ta ɗauki kofin sau 8, Prempeh sau 5, Opoku Ware sau 2. Ina son gasar, don ta sa lissafi ya zama abin alfahari a bakin titi. Amma yara biyu ne ke zama a teburin gasa, na uku yana jiran canji, kuma an zaɓo su ne an ba su horo na musamman daga cikin dubbai. Kofi yana nuna cewa akwai malaman kimiyya masu ƙwazo a makarantar. Game da yaron da ke zaune a layin baya na aji mai cunkoso, bai ce komai ba.

Yanzu ga wanda ya fi cancanta a zauna a kansa, sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala babbar sakandare. Shi ne ma'aunin da ya fi kusa da ƙofar jami'a, kuma shi ne wanda aka fi ruɗa iyaye da shi, wani lokaci ma ba da gangan ba.

Makin WASSCE yana tashi daga A1, ya bi B2 da B3, ya sauko C4, C5, C6, sannan D7, E8, F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 a takarda ana lissafa su a matsayin tsallakewa, F9 kaɗai ce faɗuwa. To a nan gizo ke saƙar. Makaranta tana iya rataya allo a ƙofa cewa kusan duk ɗalibanta sun ci jarrabawa, kuma ba ƙarya ta yi ba, in dai tana ƙirga D7 da E8. Amma jami'a, don karatun digiri, kiredit take nema a darussa shida: uku daga na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko ilimin zamantakewa, da uku daga darussan da yaro ya zaɓa. Kwalejojin malamai da na jinya ma kiredit suke nema. Yaro yana iya samun A1 a darasi biyar, D7 ɗaya a lissafi ta tsayar da shi a gida shekara guda. Duk unguwa akwai irin waɗannan yara. Su ne ke cika ajujuwan rimidiyal suna jiran jarrabawar Nuwamba-Disamba, iyaye na sake biyan kuɗin da suka ɗauka sun huta da shi tun da aka fara sakandare kyauta a 2017.

Ko idan makaranta ta ba ka lissafin kiredit, ka lura da yadda ta ba ka. A ce ta gaya maka cikin yara ɗari, 80 sun samu kiredit a Turanci, 70 a lissafi, 75 a kimiyya. Da jin haka sai hankali ya kwanta. Amma ba lallai yaran da suka faɗi lissafi su ne suka faɗi Turanci ba. Wannan ya rasa nan, wancan ya rasa can, sai ka tarar waɗanda suka haɗa shidan gaba ɗaya ba su kai rabi ba. Saboda haka tambayar da za a yi wa hedimasta ko mataimakinsa mai kula da karatu guda ce: cikin waɗanda suka zauna bara, mutum nawa suka samu kiredit a darussa shidan da jami'a ke nema, a zama ɗaya? Kowace makaranta tana yin wannan lissafi idan sakamako ya fito. Wadda ta yi abin kirki za ta faɗa maka da murna.

Akwai kuma agiriget, jimillar makin darussa shidan. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, haka har C6 maki 6, kuma ƙarami shi ne mai kyau. Mafi kyau 6, iyakar da ake karɓa 36. Yaron da ya samu C4 a Turanci, B3 a lissafi, B2 a kimiyya, da B3, B3, C5 a darussan zaɓi, yana da 20. Ya cancanci jami'a, babu shakka. Amma cancanta dabam, samun kujera dabam. Likitanci a jami'ar KNUST ta Kumasi sai wanda ya tsaya a 6 ko daf da shi, kuma kwasa-kwasan da ake rububi duk suna yanke layinsu can sama. Don haka makarantu biyu suna iya cewa rabin yaransu sun cancanci jami'a, alhali na ɗaya sun taru tsakanin 8 da 15, na ɗayar kuma tsakanin 28 da 36. A tambayi inda yawancin yaran suka taru. Sunan yaro ɗaya da ya samu A1 takwas, wanda aka buga hotonsa a Facebook, ba ya wakiltar sauran.

Abu biyu kuma suna iya ɓata wannan ma'auni. Na farko, yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai ga zama jarrabawa? Idan an yi asarar yara da yawa a hanya, sakamakon waɗanda suka rage zai yi kyau, amma ɗanka yana iya kasancewa cikin waɗanda suka zube. Na biyu shi ne satar amsa. Babu shekarar da WAEC ba ta riƙe ko soke sakamakon wasu ɗalibai saboda maguɗi. Makarantar da ta yi suna da cewa ana "taimaka wa" yara a ɗakin jarrabawa, ni a wurina ta faɗi tun kafin a duba makinta. Ban da haramcin abin da haɗarin a riƙe sakamakon yaro, wanda ya shiga jami'a da makin da ba nasa ba, shekarar farko take tona shi, kuma a lokacin babu mai miƙo masa takarda.

Ma'aunin da na fi yarda da shi ba a buga shi a jarida, sai mutum ya haɗa da kansa. Shi ne a kwatanta shiga da fita. Yaran da suka shiga makarantar nan da maki irin na ɗana a BECE, da me suka fito a WASSCE? Makarantar rukunin B ko C da ke karɓar yara masu matsakaicin maki, ta fitar da rabinsu da kiredit shida, ta yi aikin da ya fi na wadda ta karɓi zaratan yara ta mayar da su zarata. Kuma ga mafi yawan iyaye wannan ce tambayar da ta shafe su, domin mafi yawan yara matsakaita ne. Wanda zai ba ka amsar shi ne malamin aji uku na ƙaramar sakandaren da yaron yake. Shi ya san makin da yaransa na shekarun baya suka tafi da shi, ya san inda kwamfuta ta jefa kowa, kuma yawancinsu suna dawowa su nuna masa sakamako. Zama ɗaya da irin wannan malami ya fi jerin sunayen makarantu goma da ake turawa a WhatsApp.

Sai maganar fannin karatu, wadda ta fi sa ni baƙin ciki, domin a nan ake rufe wa yaro ƙofa da hannun masu ƙaunarsa. A fom, ba makaranta kaɗai ake zaɓa ba, har da fanni: kimiyya, ko adabi da zamantakewa, ko kasuwanci, ko tattalin gida, ko zane-zane, ko noma, ko fasaha. Kujerun kimiyya a manyan makarantu su suka fi wuyar samu, sai wasu su yi dabara su rubuta wa yaro wani fannin da ba a rububi, don dai ya shiga ƙofar. Wata baiwar Allah ta taɓa ce mini, "Malam, ni dai ta shiga makarantar tukuna, in ta shiga sai a canza mata." Na ce, "Hajiya, canjin nan ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannuna ba. In ba a canza ba fa? Yarinyar nan likita take son zama." Likitanci yana neman bayoloji da kemistiri tare da fiziks ko lissafin zaɓi. Injiniya tana neman lissafin zaɓi da fiziks da kemistiri. Wanda bai karanta su a sakandare ba, ko A1 takwas ya samu a wani fannin, waɗannan ƙofofi a rufe suke gare shi. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin babbar makaranta da fannin da yaro ba ya so, da matsakaiciyar makaranta da fannin da yake so kuma yake iyawa, ni ta biyun nake ba da shawara, ba tare da jinkiri ba. Sai dai a je a gani da ido: akwai ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki a ciki? Yara suna yin firaktikal tun aji ɗaya, ko sai jarrabawa ta matso? Malamin fiziks na makarantar ne, ko aro ake yi? An kuma fara sabuwar manhaja da 'yan aji ɗaya na shekarar karatu ta 2024/2025, wadda ta sauya yadda ake haɗa wasu darussa, saboda haka a nemi bayanin haɗin darussan daga makarantar kanta, kada a dogara da abin da yayan yaron ya yi shekarun baya.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu kan hanyar jami'a yake, alhali yawancin waɗanda suka gama sakandare ba jami'a suke wucewa kai tsaye ba. Ga ɓangaren sana'a, WASSCE ba ta auna komai sosai. Takarda ce da ke cewa yaro ya iya amsa tambaya a rubuce. Ba ta cewa ya iya haɗa wayar wuta a gida, ko karanta zanen gini, ko rubuta wasiƙar neman aiki, ko riƙe littafin shago a kasuwar Kejetia ba tare da kuɗi sun ɓace ba. Ma'aunin da ya dace a nan shi ne: yaran da suka gama makarantar nan shekara biyu ko uku da suka wuce, ina suke yau? Nawa ke karatu, nawa ke aiki ko koyon sana'a, nawa ke zaune a majalisa daga safe zuwa dare? Makarantu kaɗan ne ke bin sawun ɗalibansu haka, amma unguwa tana bi. Mu a Zango mun san 'ya'yan juna.

A nan ne makarantun fasaha irin su Kumasi Technical Institute suke shigowa, kuma mu yi wa kanmu gaskiya, da yawanmu muna ɗaukarsu wurin da ake tura wanda ya kasa. Wannan kallo yana cutar da mu. Su ma kyauta ne kamar sauran. Tun dokokin ilimi na 2020 aka kafa hukumar CTVET da ke kula da ingancin wannan karatu da takardunsa, kuma akwai tsani da ke tashi daga ƙananan takardun ƙwarewa, ya bi babbar difloma, har digiri. A cikin Kumasi kaɗai akwai Kumasi Technical University, da kuma jami'ar da aka kafa a Tanoso a 2020 da sunan AAMUSTED don horar da masu koyar da sana'a. Ga Suame Magazine, ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka, inda 'ya'yanmu da yawa suke koyon aiki a hannun iyayen gidansu. Motocin yanzu da na'ura ake gano ciwonsu. Yaron da ya zo Suame da ilimin lantarki da lissafi daga makarantar fasaha, ya haɗa da abin da zai koya a gareji, ya sha gaban wanda ya zo da hannu kawai, ya kuma sha gaban mai D7 uku da ke jiran aikin ofis. Makarantar fasaha kuwa ba da allon sakamako ake auna ta ba. A shiga wurin aikinta. Injinan suna tashi, ko sun yi ƙura? Yara nawa ke kan inji ɗaya? Ana tura su koyon aiki a kamfanoni ko gareji kafin su gama, kuma wa ke bin su ya ga abin da suke yi a can? Makarantar fasahar da ake koyar da walda a kan allo ta fi kowace haɗari, don yaron zai fito babu kiredit babu sana'a.

Kwana ko jeka-ka-dawo, wannan ya danganta da gidan da yaron. Gidan haya mai ɗaki ɗaya, inda yarinya za ta dawo ta tarar da wanke-wanke da tallan yamma suna jiranta, makarantar kwana ta fi mata, ko da kuwa za a sha wahalar cika akwati da gari da shito. Yaron da ke da wurin karatu a gida da mai sa masa ido, kuma makarantar ba ta da nisan da zai cinye kuɗin mota da ƙarfinsa, jeka-ka-dawo ba ta rage shi da komai, har ma tana barinsa ya ci gaba da karatun Alƙur'ani da yamma. A kuma tambaya ko makarantar tana cikin masu karatun karɓa-karɓa, wato wasu na aji wasu na hutu, da aka shigo da shi a 2018 saboda yawan ɗalibai, domin dogon hutu a gida yana cin yaron da ba shi da kuɗin darasin hutu. Batun addini ma a yi shi a fili tun kafin a cika fom. Da yawa daga manyan makarantun ƙasar nan coci-coci ne suka kafa su, kuma ba mu manta da takaddamar hana ɗaliba Musulma azumi ta 2021 a Wesley Girls ta Cape Coast ba. Kowace makaranta da yadda take tafiyar da abinta. A tambayi ɗaliban da ke ciki yanzu yadda ake yi da salla da azumi da lulluɓi, kada a tsaya ga abin da aka ji a bakin mutane. Wanda ya fi son inda wannan ba zai zama abin magana ba, ga Islamic Senior High a Abrepo da Sakafia a Sawaba da makamantansu, amma su ma a yi musu tambayar kiredit shida kamar kowa. Kasancewar makaranta tamu ba dalili ba ne na sassauta mata ma'auni.

Idan na zauna da iyaye a kan fom, ga yadda nake bi. Dokokin cikawa suna sauyawa, yawan zaɓi ma yana sauyawa, amma a shekarun baya galibi makaranta ɗaya ake bari daga rukunin A, don haka ba a wasa da wannan gurbi. Yaron da ke kan gaba a ajinsa, makin gwajinsa yana nuna zai iya, a rubuta masa babbar makaranta da fannin da yake so na gaskiya. Yaro matsakaici, ƙarfin bincike ya koma kan zaɓi na biyu da na uku, domin a can ya fi yiwuwa ya sauka, kuma su ne guraben da aka fi cikawa da gaggawa a ranar ƙarshe, wani lokaci malami ne ma ke cikawa iyaye ba su gani ba. Yaron da tun yana ƙarami yake kwance rediyo yana ɗaurawa, lissafinsa ba laifi amma dogon rubutu yana gajiyar da shi, a kai shi ya ga wurin aikin makarantar fasaha kafin a yanke masa hukunci. Kuma kada uba ko uwa su sa hannu a fom sai an karanta musu kowane layi: sunan makaranta, fanni, da kwana ne ko jeka-ka-dawo.